Amsa ga Yaya kan mutumin da ke cikin rigar maskot

Salamu alaikum jama'ar zaure. Yaya, na saurari muryarka, kana tambaya ko da gaske mutum ne a cikin jan bijimin nan na Chicago Bulls, kulob ɗin ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka, kuma ta ina yake numfashi. To wallahi mutum ne da ransa. Maskot ake ce musu. Sunan bijimin Benny, tun 1969 kulob ɗin ke da shi, masu shiga rigar ne kawai ke canzawa. Phoenix Suns na da goggon biri tun 1980, Denver Nuggets na da Rocky tun 1990. Lakers da Knicks kuwa ba su da ko ɗaya.

Bari mu fara da kan, don nan aikin yake. Da soso mai tauri ake sassaƙa shi, a kafa hular kwano a ciki da maɗauri a haɓa, don kada ya juya ya bar mutum a duhu in ya yi tsalle. Gani kuma ta raga ne, wadda ake ɗinkawa a bakin dabbar ko idonta. Ba ya ganin gefensa, ba ya ganin ƙafarsa. Yaro ɗan shekara uku zai rugo ya rungume masa gwiwa, shi bai ma san da shi ba. Shi ya sa kullum za ka ga wani na biye da shi, shi ne idonsa, shi ne bakinsa, domin ƙa'ida ce maskot ba ya magana. Tun kafin a fita suke tsayar da alamar hannu da ke nufin "fitar da ni yanzu".

Sai zafi, kuma shi ne babban abokin gaba. Gashin roba da soso ba sa barin gumi ya bushe. Ana sa 'yar fanka mai batir a ƙoƙon kan, mutum ya sa falmaran mai aljihunan ƙanƙara, amma duk da haka shawarar masu ɗinka rigar ita ce minti 20 zuwa 30 a fito, a cire kai a ɓoye, a sha ruwa. Da ka ji jiri ko gumi ya ɗauke, an riga an makara.

Kuma Yaya, kada ka ɗauka wasan yara ne. A 2013 an sauko da Rocky daga rufin fili da igiya, ya iso ƙasa a sume. A shekarar dai, mai rigar Raptor na Toronto ya tsinke jijiyar agara wajen alkafura, sai da aka kawo wani maskot ya riƙe masa wuri. A zagayen ƙarshe na gasar NBA ta 2023 ɗan damben nan Conor McGregor ya naushi Burnie, maskot ɗin Miami Heat, a wani wasan nishaɗi da aka shirya, aka kai mutumin asibiti. Abin ya ba ni haushi sosai, don soso ba ya tare naushi.

Wanki kuma, ba a jiƙa kan, fesa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ake yi a ciki, a kunna masa fanka. Jikin a wanke da ruwan sanyi a shanya a inuwa. Injin busarwa ko dutsen guga narkar da gashin suke, ya dunƙule, kuma ba ya gyaruwa.