Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan zuwa Fas

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na ji saƙonki, wai hutun kwana ukun nan ki tafi Fas ko ki zauna a Rabat ki rungumi littattafai. Ni dai shawarata, ki tafi. Littafi ba inda zai je, amma ki gama karatu a Maroko ba ki taka Fas ba, wallahi sai kin yi da-na-sani.

Jirgin ƙasa za ki hau, tafiyar kusan awa uku ce, ki fita da sassafe. In kin sauka ki ce wa mai tasi ya kai ki Bab Bujlud. Ƙofa ce mai shuɗin ado ta waje, in kin shige kin waiwayo sai ki ga cikinta kore ne. Daga nan mota ta ƙare, sai ƙafa, sai jakuna da alfadarai. Kina jin an ce "balak, balak", ki manne da bango, kaya ne ke tafe.

Ki bi hanyar Tala'a Kabira, gangara ce. Ba nisa za ki ga Madarasar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan ya gina wajen 1350. Ki shiga ki ɗaga kai ki kalli sassaƙar katakon nan.

To amma abin da nake so ki je dominsa, masallacin Ƙarawiyyin ne. Kamar yadda tarihi ya zo, mace ce ta kafa shi a 859, Fatima al-Fihriyya, da gādon da mahaifinta ya bar mata. Danginta daga Ƙairawan ta Tunisiya suka zo, can sunan ya samo asali. Ni azahar ta same ni a ciki. Daga lungu mai cunkoso da ƙarar masu bugun tagulla, ina shiga sai shiru, sai ƙarar ruwan alwala a tsakar masallacin. Bayan sallah na zauna a sashen mata, na kasa tashi. Ina ta tunanin cewa mace irina ce ta fara wannan, yau sama da shekara 1,100 ana sallah ana karatu a wurin. Hawaye suka zubo min, ban ma tuna da waya ba. Don Allah kada ki yi gaggawa a nan, ki ba shi awa guda ko fiye.

Zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a 1815, ba ta da nisa da nan, za ki tarar da masu ziyara daga Senegal da sauran ƙasashenmu. Sai majemar Shuwara. Za a miƙo miki ganyen na'ana'a a bakin ƙofa, ki karɓa ki kara a hanci, don har da kashin tattabara suke jeme fata. Daga saman bene za ki hango mutane tsaye cikin ramukan rini har gwiwa.

Abu ɗaya ki kiyaye. Wani yaro ya ce zai nuna min hanya, ya zaga da ni ya dire ni a shagon fata, sannan ya tsare ni sai na biya shi. In kina son ɗan jagora, ki nemi mai katin shaida, ku yi ciniki tukuna. Ki sa takalmi mara tsini, ki riƙe canjin dirhami, kuma ki nemi abokiyar tafiya, don lungunan suna da ruɗarwa bayan magariba.