Ciniki na tafiya, jari na raguwa

Ka tambaya me ya sa kamfaninku ke ciniki sosai amma jari sai zaizayewa yake. Ɗan'uwa, fara duba farashinku. Lokacin hauhawar farashi, in ka ɗora riba a kan kuɗin da ka saro kaya wata 3 baya, ranar da ka koma sari kuɗin ba za su cika sito ba. Ka yi lissafi da farashin sarin yau.

Sai bashi. Kayan da ka bayar a biya bayan kwana 60, kuɗinsu kan dawo sun rage daraja, alhali albashi da haya ba sa jira. Rancen banki kuwa yakan ƙara nauyi idan babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa. Da ni ne, wa'adin kwana 60 ɗin nan na biyan kuɗin kaya zan fara gajartawa.