Kada ka kai su bola

Jiya muna rufe shago ka ce, "Maigida, matattun rediyo da talabijin da batiran nan da suka cika bayan kanta, me zai hana mu zuba su a bola mu cinna musu wuta?" Na ce ka bari sai da safe, don maganar ba ta tsaye ba ce. Jawo benci ka zauna, ɗana.

Fara tuna inda bolar garin nan take ƙarewa. Idan bazara ta kawo jiki, amalanke ake ɗaura wa shanu a kwashe jujin nan kaf a kai gona taki. Kafin nan awaki sun yi kiwo a kai, kaji sun tona, yara sun yi tsince-tsince. Abin da ya rage ruwan sama ya kora shi kududdufin da dabbobi ke sha. Batirin da ka jefar bana, baɗi yana gindin geron wani, wataƙila ma na gidanku.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dalma. Tsohuwar talabijin mai tudun bayan nan, gilashinta na ciki haɗe yake da dalma. Batirin sola da na mota kuwa farantansa duk dalma ne, ruwansa kuma asid. Kana ƙarami a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Can daga dutsen zinare ta fito, wanda ake daka shi a cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin batirin can. Ba ta wari, ba ta sa ciwo nan take. Ƙurarta ce ke bin hannun yaro zuwa baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya taso karatu ba ya zama, iyaye su yi ta neman magani a wani wajen.

Saboda haka batir ba a fasa shi, ba a tsiyaye ruwansa a ƙasa don ya yi sauƙin ɗauka. Ajiye shi a tsaye, a inuwa, inda yara ba sa kaiwa, sai mu kai wa dilan batir yadda yake ya rage mana kuɗin sabo. Na wayar hannu shi kuma wata dabba ce daban. In ka ga ya kumbura kada ka soke shi, wuta yake kamawa. Sa shi a gwangwani mai yashi, nesa da zana da rumbu.

Maganar ƙona wayar wuta don a fitar da jan ƙarfe, ni ma na yi ina yaron shago kamarka. Na shaƙi baƙin hayaƙin robar nan, na yi kwanaki ƙirjina na zafi, kuma iskar da ta kwashe shi gidan maƙwabta ta kai. Wuƙa kawai za ka sa ka feɗe robar. Ya fi cin lokaci, amma jan ƙarfen yana fitowa fes, mai awo ma ya fi son sa.

Dogon ƙwan lantarki da farin nan mai lanƙwasa akwai zaiba a cikinsu, naɗe su a kwali kada su fashe. Firji kuma kada ka sare masa bututu, a bar wa mai aikin sanyi.

Kafin duk wannan, gwada kayan. Da yawa daga abin da ake kawo mana a ce ya mutu, fis ne ko kafasita ɗaya. Wanda ya ƙi tashi a cire masa sifika, taransifoma, maɓalli, har noti, gobe su za su tayar da rediyon wani dattijo da ba shi da kuɗin sabuwa.

Wayar hannu kuma amana ce. In mutum ya bar maka matacciya, cire layi da memori ka miƙa masa a hannu. Layin nan haɗe yake da lambarsa ta NIN, sau da yawa har da asusun banki, ga hotunan iyalinsa.

Akwai hukumar kare muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007, ita ke da dokokin irin wannan shara. Amma a garin nan, hannunka da nawa kayan ke fara biyowa. 'Yan gwangwan da ke zagayawa ranar kasuwar Gujungu, sayar musu da ƙarfe da alminiyam. Allunan lantarki na cikin kayan da gilashin talabijin kuwa ban yarda su shiga buhun yaran bola jari ba, don a bayan gari za su fasa su. Waɗannan mu tara, ranar da zan shiga Sabon Gari sayen kayan gyara in tafi da su wajen manyan diloli.

Tashi ka ɗauko buhu huɗu da kwalin can mu fara warewa. In mun gama, wanke hannunka da sabulu kafin ka taɓa ƙosan nan.