Ina kuɗin kasafin birni ke tafiya? Amsa daga tsohon ma'aikacin ofishin ma'aji

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na sami natsuwa. Ka ce majalisar birninku ta amince da kasafin kuɗin bana, an faɗi adadi mai ɗaga kai a labarai, amma titin unguwarku yana nan da ramukansa, fitilu sun mutu, motar shara kuma sai ranar da ta ga dama. Kana tambaya ina kuɗin ke tafiya, ko dai an yi gaba da su ne. Na yi shekara 19 a sashen kuɗi na wata majalisar birni kafin in ajiye aiki, bari in faɗa maka abin da na gani.

Adadin nan da ka ji, ranar da kansiloli suka ɗaga hannu suka amince da shi, ko sisi bai shiga asusu ba saboda ɗaga hannun nasu. Kasafi ƙiyasi ne mai fuska biyu: abin da ake sa ran zai shigo cikin shekara, da iznin kashe shi a wurare kaza da kaza idan ya shigo. Tsakanin “an ware” da “an saki” da “an biya” akwai tafiya mai nisa, kuma yawancin ayyukan da mutane ke jira a wannan hanyar suke maƙalewa.

Kuɗin birni ta ƙofa uku suke shigowa. Akwai wanda birnin ke tarawa da kansa: harajin gidaje da filaye, lasisin kasuwanci, kuɗin rumfunan kasuwa, na tashar mota da wurin ajiye motoci, na iznin gini, a wasu wuraren har da kuɗin ruwan famfo da na kwashe shara. Akwai kason da gwamnatin sama ke turowa. Sai bashi da tallafi. Kason gwamnatin saman nan sau da yawa da igiya a wuyansa yake zuwa, an rubuta cewa na makarantu ne ko na asibiti ne. Ko da titi ya zama kogi, ma'aji ba shi da ikon taɓa wannan kuɗin ya zuba kwalta, in kuwa ya taɓa, da mai binciken kuɗi zai kwana. Shi ya sa za ka ga ana fentin ajujuwa a unguwar da magudanar ruwanta ta toshe, mutane suna cewa majalisa ba ta da hankali. Wani lokaci ba ta da shi ɗin, amma wani lokaci igiyar ce.

Harajin gidaje shi ne ƙashin bayan birane da yawa a duniya, don gida ba ya tashi ya gudu. Matsalarsa rijista. Kafin ka karɓa sai ka san gidaje nawa ne, na wa ne, kuma nawa ne darajarsu, kuma babu ɗan siyasar da ke son sake ƙiyasin darajar gidaje ya faɗo a zamaninsa. A Ingila harajin da majalisu ke karɓa tun 1993 har yau a kan darajar da gidaje ke da ita a 1991 aka ɗora shi. A jihar Kalifoniya ta Amurka masu zaɓe ne da kansu a 1978 suka ƙayyade harajin ga kashi 1 cikin 100 na darajar gida, suka kuma hana ƙiyasin darajar ya ƙaru fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara sai in an sayar da gidan. A Firitawun ta Saliyo, zamanin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen sake ƙidayar gine-gine, aka fito da sabon tsari a 2020, gidajen da ke cikin rijista suka kusan ninkawa. Wato kafin nan kusan rabin garin na amfani da titi da magudana ba tare da sunansu na cikin littafi ba. A inda na yi aiki ma haka muka yi fama, unguwanni sun haifi unguwanni, littafinmu yana nan yadda muka gada.

To, ba a nan gizo ke saƙa ba, sai a wajen kashewa. Kasafi gida biyu ne: ayyukan yau da kullum da manyan ayyuka. Na farko shi ne albashi, fansho, man motoci, kuɗin wutar fitilun titi, magunguna, kayan 'yan kwana-kwana, biyan bashin da aka ci a baya. Na biyu shi ne sabon titi, gada, kwalbati, ginin kasuwa, sayen motoci. Bari in ba ka misali da ƙagaggen lissafi don ya yi sauƙi. A ce kasafin 100 ne. Albashi da fansho sun ɗauki 45, biyan bashi 10, gudanar da ayyuka 20, manyan ayyuka 25. Shekara ta zo ta wuce, abin da ya shigo 85 ne kawai. A ido giɓin ba shi da yawa, 15 ne. Amma ba za ka ce wa masu shara da malaman asibiti su haƙura da albashin wata biyu ba, banki kuma ba ya jin “Allah ya ba da haƙuri”. Duk giɓin a kan 25 ɗin nan zai sauka, ya zama saura 10. Kuɗin shiga ya ragu da kashi 15 cikin 100, manyan ayyuka sun ragu da kashi 60. Titinku yana cikin wannan layin, kuma wataƙila can baya yake.

Za ka ce me ya sa ba a yi ƙiyasin gaskiya tun farko ba. A ƙasashe da yawa doka ta tilasta wa majalisar birni ta gabatar da kasafin da shiga da fita suka yi daidai. Kowane kansila kuma yana son ya koma mazaɓarsa da takarda a hannu yana nuna sunan aiki. Idan buƙatu sun fi kuɗi, hanya biyu ce: ko a soke aikin wani, a yi rigima, ko a kumbura ƙiyasin kuɗin shiga, kowa ya tafi gida yana murmushi. Na zauna a ɗakin da aka yi na biyun. Mun kawo ƙiyasin kuɗin iznin gini bisa abin da aka tara shekara uku a jere, aka ce mu “sake dubawa”. Muka sake dubawa har sau uku, a karo na uku adadin ya kai inda ake so. Ban ce na fita da hannuna fes ba, ni na buga takardar. Amma tun ranar na san waɗanne ayyuka ne ba za su wuce allon sanarwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai a duk shekarun nan shi ne kuɗin gyara da kula. Sabon aiki yana da biki, ana yanka ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Yashe magudana ba shi da biki. Don haka idan aka zo rage kasafi, layin kula da kaya ake fara yanka, saboda ba wanda zai yi kuka a ranar. Alhali babban abokin gabar kwalta ruwa ne. Magudana ta toshe, ruwa ya kwanta, ya shiga ta ƙaramar tsaga, ya jiƙa ƙasar da ke ɗauke da titin, manyan motoci su bi ta kai, sai rami. Tsagar da lebura biyu da tukunyar kwalta za su toshe da safe ɗaya, bayan damina uku sai ta zama kwangilar sake titi gaba ɗaya, wadda dole ta shiga layin manyan ayyuka, layin da na gaya maka shi ake fara zaftarewa.

Akwai shekarar da muka sami tallafi aka sayi motocin kwashe shara sababbi fil. An jera su, an yi jawabi. Tallafin na saye ne kawai, ba wanda ya ƙara ko layi ɗaya a kasafin yau da kullum don mai, taya, kayan gyara da albashin direbobi. Kafin shekara biyu an fara cire kayan wannan ana sa wa waccan, har harabar ofis ta zama maƙabartar motoci. Ba a saci ko ƙusa ba a wannan maganar, amma sharar tana nan a bakin titi. Tun daga nan duk wanda ya kawo mini takardar sabon gini, tambayata ɗaya ce: wa zai biya mai gadi da kuɗin wuta a shekara ta biyu? Duk asibitin da aka gina bana, albashi ne aka ɗora wa kasafin baɗi da na shekara ashirin masu zuwa.

Bashi kuwa ba laifi ba ne a kan kansa. Gadar da za ta yi shekara 50 ana hawa, adalci ne a raba kuɗinta tsakanin waɗanda za su hau ta, shi ya sa manyan birane ke sayar da takardun lamuni. Inda ake halaka shi ne cin bashi don biyan kuɗin yau da kullum, abin da ya kusa durƙusar da birnin New York a 1975 ke nan. Detroit ta Amurka ta shigar da takardar karyewa a kotu a watan Yulin 2013 da bashin kusan dala biliyan 18. Mutanenta sun ragu daga kusan miliyan 1.8 a 1950 zuwa kusan 700,000, masu biyan haraji sun tafi, amma tsawon titunan da bututun ruwan da alƙawuran fansho ba su ragu ba. A lokacin kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titin birnin ba sa aiki. A Satumban 2023 majalisar Birmingham ta Ingila ta sanar da cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, babban dalili shi ne bashin diyyar bambancin albashi tsakanin ma'aikata mata da maza da aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760. Shekarar da ta biyo baya aka ƙara wa mazauna haraji da kusan kashi 10 cikin 100, aka kuma rage musu ayyuka.

Kada ka ce ina wanke kowa. Ana sata, kuma na san ƙofofinta: kumbura farashin kwangila, ma'aikatan bogi a takardar albashi, ɗan kwangilar da ya karɓi kafin alƙalami ya zube yashi tifa biyu ya ɓace, da rasit iri biyu a hannun mai karɓar kuɗi. Duk inda ake karɓar haraji da tsabar kuɗi hannu da hannu, ka sa ayar tambaya. Sai dai idan ka je ofis da kalmar “ɓarayi” kawai, za a ba ka kujera da haƙuri ka dawo. Wanda ya zo da lambar aiki da adadin da aka ware shi ne ke sa mutum gyara zama.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Da farko ka tabbatar titin na wa ne, don a cikin birni ɗaya akwai titin majalisa, akwai na gwamnatin jiha ko lardi, akwai na gwamnatin ƙasa, kuma na sha ganin mutane sun shekara suna zarya a ofishin da ba shi da hurumi. In na majalisa ne, ka bar jawabin magajin gari, ka nemi cikakken kundin kasafin, ka buɗe sashen manyan ayyuka ka ga ko sunan titin yana ciki da adadinsa. In babu shi, maganar bana ta ƙare, sai dai in an yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi a tsakiyar shekara. In yana ciki, takardar da ta fi kasafin muhimmanci ita ce rahoton aiwatarwa, wanda wurare da yawa ake fitarwa duk bayan wata uku. Shi ke nuna abin da aka ware, abin da aka saki da abin da aka kashe. Ka duba kasafin bara da na bara waccan ma. Idan sunan titinku yana fitowa kowace shekara da kuɗi ɗan kaɗan da ba zai iya komai ba, an sa shi ne don a rufe muku baki. Idan kuma rahoto ya ce an biya kuɗi masu yawa alhali ba a ga ko shebur ba, wannan maganar mai binciken kuɗi ce da kwamitin majalisa mai kula da asusu, kuma ku kai ta a rubuce.

Sai lokaci. Mutane suna zuwa bayan an amince da kasafi, lokacin da tukunya ta riga ta sauka. Ka fara sanin yaushe shekarar kuɗin birninku ke farawa, don ba ɗaya ba ce ko'ina: wasu Janairu, majalisun Ingila 1 ga Afrilu, New York 1 ga Yuli. Ka ƙirga wata huɗu ko biyar baya, lokacin ne sassa ke miƙa buƙatunsu, lokacin ne injiniyan sashen ayyuka ke jera tituna. Wasu biranen sun buɗe wa jama'a ƙofa a hukumance. Porto Alegre ta Brazil ta fara a 1989, mazauna unguwanni suna taruwa su jera ayyukan da suka fi so a fara, Paris kuma a 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na kasafin manyan ayyukanta mutane su zaɓa da ƙuri'a. Ko birninku ba shi da irin wannan, zaman sauraron ra'ayin jama'a yakan kasance, kuma sau da yawa kujeru ne suka fi mutane yawa a ɗakin.

Ku je ku biyar ko shida daga unguwa, da takarda mai sa hannun mazauna, da hotunan titin lokacin ruwa, da tsawonsa a mita. Ku ba kansilanku kwafi, ku kai wa sashen ayyuka wani kwafin, ku sa a buga muku hatimin karɓa. Kuma kada ku nemi sabon titi kaɗai. Ku raba buƙatar gida biyu, ku ce a yashe magudana a cike ramuka daga kuɗin kula na bana, sake titin kuma a sa shi a manyan ayyukan baɗi. Na farkon shugaban sashe yakan iya sa hannu a kansa ba tare da an koma zauren majalisa ba. In ka sami shafin da sunan titinku yake, ka turo lambar aikin da adadin shekara ukun nan, in duba maka.