Amsoshin Tambayoyi: Wane Dashe Ne Zai Jure Sanyi?

Tambaya: Na je sayen dashe sai na tarar da kashi biyu. Na farko dogo ne, kore shar, an raine shi cikin rumfar leda. Na biyu gajere ne mai kaurin kara, an ajiye shi a waje, ganyensa ya ɗan yi duhu. Sanyi ya fara shigowa. Wanne ya dace in saya?

Amsa: Malam, ka ɗauki gajeren, muddin babu alamar cuta ko ƙwari a jikinsa. Kyan na cikin rumfa kyan ɗan gata ne da rana ko iska ba su taɓa bugu ba, domin ganyensa siriri ne, kakin da ke rufe bayan ganyen bai yi kauri ba, kuma ruwa ya cika jikinsa. Idan aka dasa shi a fili kai tsaye, cikin kwanaki kaɗan za ka ga gefen ganyen ya yi fari kamar an ƙona shi, karan kuma ya langaɓe.

Dalili kuwa shi ne, juriyar shuka aba ce da take ginawa sannu a hankali. Idan sanyi ya sauko zuwa tsakanin sifiri da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, ya kuma ɗore kwanaki ko makonni, shukar da ta yi gadon juriya takan rage girma, ta tara sukari a cikin ƙwayoyin jikinta, ta kuma sauya irin man da ke fatar ƙwayoyin domin kada ta sandare. Wannan yana da muhimmanci saboda ƙanƙara takan fara daskarewa ne a tsakanin ƙwayoyin, daga nan ta zuƙe ruwan da ke cikinsu, har shukar ta mutu da ƙishi alhali ruwa na kewaye da ita. Shi ya sa hanyoyin da shuka ke bi wajen jure sanyi suka yi kama da waɗanda take bi wajen jure fari da gishirin ƙasa. Alkamar da ake shukawa kafin hunturu a ƙasashe masu sanyi misali ce mai kyau: wadda ba ta saba ba takan mutu a wajen digiri 5 ƙasa da sifiri, amma nau'o'inta masu ƙarfi, bayan sun saba, suna jure digiri 20 ƙasa da sifiri.

Sai dai sabo ba ya wuce iyakar gado. Tumatir, barkono, masara da ayaba 'yan ƙasashe masu zafi ne, kuma sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 kawai yana iya cutar da su tun ƙanƙara ba ta zo ba. Babu horon da zai sa su jure daskarewa, don haka ga irin waɗannan, jinkirta dashen ya fi kowace dabara.

Idan na cikin rumfa kaɗai ka samu, ka horar da shi na mako ɗaya zuwa biyu. Ka fara fitar da shi inuwa inda iska ba ta da ƙarfi na 'yan sa'o'i, kullum kana ƙara masa lokaci da rana, ka rage ban ruwa ba tare da ka bar shi ya yi yaushi ba. Ka kuma dakata da taki mai yawan naitrojin, domin yana sa sabon toho mai laushi, wanda shi sanyi ke fara kashewa.

Tambaya: An tallata mini maganin feshi da aka ce yana kare shuka daga sanyi. In saye shi, ko in sayi mayafin rufe shuka?

Amsa: Malama, shawarata ita ce ki sa kuɗinki a mayafin. Yawancin irin waɗannan magunguna rage fitar ruwa daga ganye suke yi, wannan kuwa ba ya ɗumama shuka. Mayafi mara nauyi da iska ke ratsawa yana riƙe ɗumin da ƙasa ta tara da rana, saboda haka ki rufe kafin faɗuwar rana, ki sauke gefensa har ƙasa ki danne, ki yaye da safe. Ki guji leda mai taɓa ganye, domin inda ta taɓa nan sanyi ke ƙonawa. Ki kuma ba ƙasa ruwa da rana kafin daren da ake tsoro, tunda ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe zafi.

Tambaya: Na ga lambar yanki a jikin takardar wata bishiya da nake son saya. Zan iya dogara da ita?

Amsa: Galibi lambar ta fito ne daga taswirar Ma'aikatar Noma ta Amurka mai raba ƙasar yanki-yanki gwargwadon sanyinsu, wadda aka fara wallafawa a 1960 aka kuma sabunta a 2012 da 2023, kuma matsakaicin sanyi mafi tsanani na shekara kawai take nunawa. Ba ta faɗin komai game da zafi, fari ko iska. Idan a tukunya za ka bar bishiyar, ka zaɓi wadda ta fi jure sanyi fiye da yadda yankinka ke buƙata, domin saiwa ba ta kai reshe juriya ba, kuma bangon tukunya ba ya kare ta yadda ƙasa ke yi.