Muryar jarumarmu ta dishe muna tsaka da zaɓen 'yan wasa: a ba ta ƙwaya ko a cire mata beli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke jagorantar wata 'yar ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo a nan Tawa. Muna shirya wasan ban dariya na 'yan tsana mai waƙoƙi, labarin wata tsohuwa mai sayar da fura da akuyarta mai ɓarna. Mutum 23 suka zo gwaji, biyar muke so. Yarinyar da ta fi kowa zaƙin murya ta yi kwana uku tana maƙe wuya don ta yi muryar tsohuwar, yau mako guda ke nan muryarta a dishe. Wani ya ce a sayo mata ƙwayar buɗe murya a kasuwa, gwaggonta kuma ta ce beli ne, a kai ta wajen wanzami. Saura mako shida a yi wasan. Wallahi hankalina ya tashi. In canza ta ne, ko yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, kada a bar wanzami ya taɓa yarinyar nan, kada kuma ta haɗiyi ƙwayar kowa. Je ka faɗa wa gwaggon haka yau, cikin ladabi, sannan ka dawo ka karanta sauran.

Zancen zaɓe ba shi da tsawo. Ba gasar mawaƙa ta Ɗan Gurmu kake shiryawa ba, saboda haka zaƙin murya shi kaɗai ba ya ba mutum gurbi. Sa kowa ya shiga bayan labule, ya ɗaga 'yar tsana sama da kansa, ya rera waƙa guda har ƙarshe. Nan za ka ga abin mamaki: wanda ya burge ka a tsaye, kafin minti biyu kafaɗarsa ta ƙage, numfashi ya gajarce, tsohuwar ta fara nutsewa bayan labule kamar mai faɗawa rijiya. Duba babban yatsa, shi ya kamata ya riƙa sauke haɓar 'yar tsana a kan kowace gaɓar kalma. Mai kaɗa yatsun sama, kan 'yar tsanarsa zai yi ta tuntsurewa baya. Sannan ka haɗa su bibbiyu, ka ba su jimla ɗaya, "Wa ya ci mini dawo?", ka ga wa ya iya jira akuya ta gama tauna kafin ya yi magana. Duk wanda ya tashi yana kallon su Yazi Dogo a talabijin ya san rabin dariyar a wannan ɗan jiran take. Ku 'yan Tawa ma ba baƙi ba ne a harkar, a garinku marigayi Moustapha Alassane ya zauna yana sa kwaɗin da ya ƙera da hannunsa suna kokawa a fim, har ya rasu a 2015.

To, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk gwajin da na yi, sai wani ya zo da ƙulli a aljihu wai maganin murya. Murya ba daga beli take fitowa ba. Can ƙasa, bayan zakaran wuya, akwai wasu 'yan tantani biyu da ba su wuce gaɓar yatsa ba, su ke karkarwa idan iska ta bi ta tsakaninsu, wajen sau 200 a daƙiƙa guda idan mace na magana. Yarinyarku ta matse su kwana uku suna gugar juna, sun kumbura, shi ke nan ciwon. Beli yana can sama yana reto, bai san hawa ba bai san sauka ba. An bar jaki ana dukan taiki. Na taɓa raka wani yaron ƙungiyarmu asibiti da dare, tsumma a baki jage-jage da jini, bayan an yanke masa beli saura kwana huɗu wasa. Ya yi mako bai iya haɗiyar tuwo ba, kuma da ya warke dishewar tana nan inda ya bar ta. Ban ma yi maganar askar da ba a san bakin wa ta fito ba.

Ƙwayar kasuwa kuwa, wadda ake tallarta a tire cikin rana, sau da yawa deksametazon ce, wani lokaci a haɗa wa mutum da tramol wai don ƙarfin zuciya. Ta farkon tana sauke kumburi na ɗan lokaci, mawaƙi ya ji murya ta washe, ya koma ya buɗe wuya a kan rauni, har jijiya ta iya fashewa a tantanin. Wanda ya maishe ta abin sha kullum, fuska ta kumbura, suga da hawan jini su biyo baya. Likita yakan rubuta ta, amma bayan ya leƙa ya gani, da awo da ranar dainawa. Tramol kuma ba sai na gaya wa ɗan Nijar abin da ya yi wa matasanmu ba. Hatta zuma da citta da lemun tsami, a sha, ba laifi, suna sanyaya maƙoshi. Amma duk abin da aka haɗiye hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya. Da yana taɓawa, da ƙwarewa za ka yi. Masu cewa ta tsotsi kanwa, Allah ya shirye su.

Abin da za ta yi: ta ajiye waƙa gaba ɗaya, ta rage magana iya iyawarta, kuma ban da raɗa, don raɗa ma matsar wuya ce. Ta yawaita shan ruwa, ta riƙa shaƙar tururin ruwan zafi zalla, ta nisanci hayaƙin murhu da turaren wuta, ta rufe hanci in ƙurar hunturu ta taso. Idan ta cika mako uku ba sauƙi, ko tana jin zafi, ko numfashi na yi mata wuya, sai wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda muke ce wa ORL, ko da zai kai ku Yamai.

Kuma ka yi haƙuri, ƙanena, kai ma da naka kason laifin. Kana zaune kwana uku kana jin yarinya tana shaƙe kanta kana tafi. Muryar tsohuwa ba a maƙogwaro ake yin ta ba. A tura sautin hanci, a ja leɓe ciki kamar ba haƙora, a ja magana, a sa mita da Adaranci mai kauri. Daga yau duk wanda ya yi muryar wasa minti goma, ka sa ya yi maka hira da muryarsa ta gida. In ya fara kaki ko gyaran murya, wannan muryar ba tasa ba ce, a nemo wata.

Kada ka canza ta tukuna. Ka ba ta 'yar tsanar tsohuwar ta riƙe a hannu, ta yi mako biyu tana koyon motsi baki rufe, wata tana rera mata daga gefe. Waccan ɗin ita ce mataimakiyarta, kuma tun farko ya kamata kowane babban gurbi ya zama da mutum biyu. Ka aiko mini da labari bayan mako biyun.