Amsa ga mai tambaya kan ƙungiyar ASMS da amfanin shiga cikinta

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko mece ce ASMS, kuma ko ya dace ɗalibin digiri na biyu a fannin sinadarai ya kashe kuɗinsa ya zama mamba. Na daɗe ina aiki da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadarai, na kuma halarci taron ƙungiyar, saboda haka zan faɗi abin da na sani.

ASMS (American Society for Mass Spectrometry) ƙungiya ce ta Amurka da ke haɗa masu aiki da wannan na'ura. Asalinta daga masana'antar man fetur yake. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matatun mai a Amurka suka fara sayen wannan na'ura domin tantance abubuwan da ke cikin man jiragen sama cikin sauri, sai masu sarrafa ta suka ga kowa yana fama da matsaloli iri ɗaya shi kaɗai a ɗakin gwajinsa. Wannan ne ya sa aka kafa kwamitin E-14 a ƙarƙashin hukumar ƙa'idojin gwaji ta ASTM, wanda ya yi taronsa na shekara na farko a Pittsburgh a 1953. Sai a 1969 ASMS ta tsaya da ƙafarta, amma daga 1953 ake ƙidayar tarukanta, shi ya sa wanda aka yi a Minneapolis a 2022 ya zama na 70. Mujallarta ta fara fitowa a 1990 da Michael Gross a matsayin edita. Tana ba da lambar yabo ta Biemann, da wata mai sunan John Fenn, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002 tare da Koichi Tanaka saboda hanyoyin da suka sa aka iya auna manyan ƙwayoyi irin su furotin.

Na kawo tarihin nan ne domin har yau amfanin ƙungiyar yana wurin da ta faro, wato haɗa masu taɓa na'ura da hannunsu. Babban taron, wanda ake yi a ƙarshen Mayu ko a watan Yuni, yana tara dubban mutane, kuma a ganina manyan laccoci ba su ne suka fi amfani ba. Abin da ya fi ilmantar da ni shi ne zauren allunan bincike, inda za ka tsaya gaban wanda ya yi aikin ka tambaye shi yadda ya shirya samfurinsa da abin da ya ƙi yiwuwa, ya kuma ba ka amsar da ba za ta taɓa shiga mujalla ba. Haka nan zaman tattaunawa na yamma, da gajerun kwasa-kwasan da ake yi a ƙarshen makon da ke gabanin taron. Akwai kuma ƙananan taruka, irin su na Asilomar a California, kowannensu a kan batu guda.

Wannan yana da muhimmanci a gare mu, domin mai neman dafin aflatoksin a gyaɗa ko ragowar maganin ƙwari a wake yawanci ba ƙarancin karatu ne ke tsayar da shi ba. Abin da ke tsayar da shi shi ne ɗaukewar wuta da ke lalata famfon zuƙe iska, ko ƙarewar iskar hiliyom, ko rashin wanda zai tambaya idan siginar na'ura ta faɗi.

Shawarata ita ce ka yi rajista a matsayin ɗalibi, tunda kuɗin ya fi sauƙi, amma kada ka yi domin takardar shaida kawai. Idan kana da niyyar zuwa taron, ka shirya taƙaitaccen bayanin bincikenka tun watan Janairu, domin a farkon shekara ake rufe karɓa, ka nemi tallafin tafiya na ɗalibai, sannan ka fara neman bizar Amurka da wuri, saboda jiran ranar ganawa yana iya cinye watanni.